An Yi Gwaji Ba a Ga Komai Ba: Ciwon Umma Ya Haɗa Ni da Baba

Tambaya

Assalamu alaikum. Ni ɗalibin kimiyya ne a Samaru, iyayena suna cikin birnin Zariya. Mahaifiyata shekararta 49. Kusan wata takwas ke nan tana fama da faɗuwar gaba, zafi ya taso mata daga ƙirji zuwa ka, gumi da dare, ciwon kai, rashin barci, da jin kamar wani abu yana yawo a ƙarƙashin fatarta. Tana da hawan jini, tana shan ƙwaya ɗaya kullum. An yi gwajin maleriya da taifod, an yi mata maganin taifod har sau uku, an yi sikanin ciki da gwajin zuciya, aka ce ba a ga komai ba. Yanzu Baba da Gwaggo sun ce ciwon ba na asibiti ba ne, iska ce ko sammu. An kai ta wurin wani mai magani, ya ba ta jiƙo da turare, ya ce ta ajiye ƙwayar hawan jinin don kada su yi karo. Na ce wannan duk camfi ne, kimiyya ta wuce wurin. Baba ya ce, in kimiyyar ta san komai, me ya hana ta faɗi abin da ke damun mahaifiyarka? Na rasa amsa. Tun ranar ba ya sakar mini fuska. Ni ma na fara shakka. In tsaya a kan maganata, ko in yarda akwai abin da ya fi ƙarfin kimiyya?

Amsa

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya ba Umma lafiya, ya sa kaffara ne.

Akwai abin da ba zai jira ku gama gardama ba, wato ƙwayar hawan jinin nan. A auna jininta yau, a kemis ko a asibitin unguwa, ta koma shan maganin yadda likita ya rubuta. Hawan jini ba ya sallama. Mutum yana iya yawo da 170 bisa 100 yana jin kansa garau, har ranar da jijiya za ta toshe ko ta fashe a ƙwaƙwalwa. Ƙwayar danne shi take yi, ba korar shi ba, kuma in an daina sha, cikin 'yan kwanaki jinin ya koma inda ya baro. Idan awon ya kai 180 bisa 120, ko bakinta ya karkace, ko hannu ko ƙafa ɗaya ya mutu, ko magana ta sarƙe, ko ƙirji ya riƙe, ko numfashi ya gagara in ta kwanta, asibiti za a nufa a lokacin, ko da tsakar dare ne.

To, tambayar Baba. Tambaya ce mai nauyi, kuma kai ka ba shi ƙofa. Babu masanin kirki da zai ce kimiyya ta san komai, don haka ka ɗauki matsayin da ko malamanka na Samaru ba za su tsaya maka a kai ba. Inda su Baba suka yi tsalle shi ne daga "ba a ga komai ba" zuwa "ba na asibiti ba ne". Tsakanin maganganun nan biyu akwai tafiya mai nisa, kuma daga abin da ka lissafa, ba a yi ko rabinta ba. Kafin a ce ilimin likitanci ya kai iyakarsa a kan Umma, sai an duba ko iyakar gwaje-gwajen da aka yi ce kawai aka taras.

Kowane gwaji tambaya ɗaya yake yi wa jiki, kuma amsarta kaɗai yake kawowa. Sikanin ciki yana nuna girma da siffar hanta, ƙoda, mahaifa da makamantansu. Ba ya ganin sinadaran da ke yawo cikin jini, ba ya ganin yadda jijiyoyin ji ke aiki. Gwajin zuciya na ECG, takardar nan mai zane-zane, bugun zuciya na kamar sakan 10 yake ɗauka. Idan faɗuwar gaban takan zo sau biyu a rana ta yi minti uku ta wuce, da wuya a dace da ita. Kamar mutum ne ya leƙa kasuwar Sabon Gari na sakan goma, ya dawo ya ce yau ba a yi faɗa a kasuwa ba. Shi ya sa akwai wata na'ura da ake maƙala wa mutum ya tafi da ita gida, ta yi ta ɗaukar bugun na awa 24 ko 48.

Maganar taifod kuwa sai mun ɗan tsaya a kanta, don ita ce ramin da gidaje da yawa ke faɗawa. Gwajin da aka fi yi, na Widal, tun 1896 aka ƙirƙiro shi, kuma ba ƙwayar cutar yake nema ba. Garkuwar da jiki ya haɗa a kanta yake aunawa. A ƙasa irin tamu, inda mutane da yawa sun taɓa haɗuwa da ƙwayar ko danginta tun suna yara, jinin mai lafiya lau yana iya nuna alama, kuma maleriya ma tana ɗaga shi. Ƙa'idarsa a yi shi sau biyu, da tazarar kwana 10 zuwa 14, a ga ya ninka har sau huɗu. Kusan babu mai yin haka. Gwajin da ya fi shi shi ne na rainon ƙwayar cuta daga jini, wanda ma'aikatan lab ke kira kalca, kuma shi ma yakan kuskure wajen 4 cikin 10 na masu cutar, musamman in an riga an sha magani. Sannan taifod cuta ce ta zazzaɓi mai tsanani na makonni. Ba ta zama wata takwas tana sa faɗuwar gaba da gumin dare babu zazzaɓi. A ganinmu maganin taifod sau uku ɗin nan bai yi wa Umma komai ba sai ɓata lokaci da kuɗi, wataƙila ma ya ƙara mata. Sifrofloksasin, wanda aka fi bayarwa, yana iya kawo rashin barci, bugun zuciya da jin tsira-tsira a fata, kuma yana hana jiki saurin fitar da sinadarin kafin da ke cikin goro da shayi. Maleriya ma haka: manya da yawa a nan suna ɗauke da ƙwayar kaɗan a jini ba tare da tana damunsu ba, kuma gwajin tsinke yana iya ci gaba da nuna layi biyu makonni bayan an warke. Ganin ta a takarda ba ya nufin ita ce ke da laifi.

Tun da kai ɗalibin kimiyya ne, ga lissafin da zai yi maka amfani. Iyakokin da ake bugawa a gefen takardar sakamako an tsara su ne su ƙunshi mutum 95 cikin 100 na masu lafiya. Ke nan mai lafiya ɗaya cikin 20 zai fita layi. Wanda aka yi wa gwaji iri 20 da ba su da alaƙa da juna yana lafiya lau, yiwuwar aƙalla ɗaya ya fita layi ta kai kashi 64 cikin 100. Gwaji yana rasa abin da ke nan, yana kuma nuna abin da ba shi ne matsalar ba. Tara takardun lab babu likitan da ke bin labarin daga farko ba bincike ba ne.

Yanzu abin da ba a duba ba. Likitan da ya gan ta shi zai yanke hukunci, amma duk wanda ya karanta mace mai shekara 49, zafi yana taso mata daga ƙirji zuwa ka, gumi da dare, faɗuwar gaba da rashin barci, abin da zai fara zuwa masa shi ne shekarun ɗaukewar al'ada. Yawanci tsakanin 45 da 55 ne. Sinadarin jikin mata da ake kira estirojin yana hawa da sauka kafin ya ragu, sai wurin da ke daidaita zafin jiki a ƙwaƙwalwa ya rikice. Zafin yakan taso ya yi minti ɗaya zuwa biyar, gumi ya biyo baya, wani lokaci da jin sanyi. Jin abu yana yawo a fata ma sananne ne a cikin alamunsa. Babu sikanin da ke nuna wannan, kuma ga wadda ta haura 45 ba a ma bukatar gwajin jini. Daga labarinta ake gane shi: al'adar ta fara tsallake wata? Ta ragu ko ta yi yawa? Mun san wannan ba tambayar da ɗa zai yi wa uwa ba ce. Ka sa yayarka, ko wata ƙanwar Umma, ko a nemi likita mace. Sau da yawa kunya ce ke binne wannan bayani, likita namiji bai tambaya ba, ita kuma ba ta faɗa ba, sai a koma gida da takardar taifod. Wannan yanayi na ɗaukewar al'ada yana da magani, na sinadarin estirojin da wanda ba na estirojin ba, kuma likita zai zaɓa bayan ya duba hawan jininta.

Na biyu shi ne halittar nan ta gaban wuya wadda in ta kumbura muke cewa maƙoƙo. In ta yi aiki fiye da kima tana kawo bugun zuciya, jin zafi, gumi, rawar hannu, rama duk da ana cin abinci, da rashin barci, ko da wuyan bai kumbura ba. Gwajinta na jini ne, sunansa TSH, kuma ba a yin sa sai an rubuta shi musamman. Sai ƙarancin jini: awon yawan jini, wato PCV, in ya yi ƙasa da 36 ga mace yana iya sa zuciya gudu, kuma mata a wannan shekaru sukan zubar da jini da yawa. Sai suga, wanda ake aunawa da safe kafin a ci komai; in ya kai 7.0, ko 126 a ɗaya ma'aunin, a gwaji biyu, ciwon suga ne, kuma yana taɓa jijiyoyi ya sa jin yawo ko zafi a ƙafafu. A haɗa da gwajin ƙoda, saboda hawan jinin da kuma jiƙon da ta sha.

A duba abin da ke shiga bakinta. Goro nawa a rana? Shayi mai kauri ko kofi da dare? Ƙwayoyin ciwon kai na kemis da yawa akwai sinadarin kafin a cikinsu, kuma wanda ke shan su fiye da kwana 10 zuwa 15 a wata, su da kansu sukan zama masu kawo ciwon kan. Ita kanta ƙwayar hawan jinin, in amlodifin ce, tana iya sa jin zafi a fuska, bugun zuciya da kumburin ƙafa. Maganin wannan shi ne likita ya canza mata wata, ba a ajiye ta ba.

Sai damuwa. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya sun daɗe da lura cewa mutanenmu ba su cika zuwa suna cewa "ina cikin baƙin ciki" ba. Zafi a ka suke kawowa, da abu mai yawo a jiki, da faɗuwar gaba. Wannan ba hauka ba ne, ba kuma ƙirƙira ba ce. Jikin yana jin abin da gaske. A tambaya a hankali: tana farkawa tun kafin asuba barci ya ƙi dawowa? Ta daina jin daɗin abin da ta saba so, zuwa biki, sana'arta, hira? An yi mata rasuwa, ko akwai wani abu a gidan da take haɗiyewa? In likita ya ba da magani a kan wannan, yakan ɗauki mako biyu zuwa shida kafin a ga aikinsa, kuma kuskuren da aka fi yi shi ne a bar shi a makon farko a ce bai karɓe ta ba.

Ga aikin da za ka iya yi da kanka, kuma ya fi gardama amfani. Ka sayi littafi na rubutu. Duk lokacin da abin ya taso, a rubuta rana, lokaci, minti nawa ya yi, me take yi kafin ya zo, me ta ci ko ta sha. A sa yatsu biyu a wuyan hannunta a ƙirga bugun na minti ɗaya cif, a rubuta adadin, a kuma lura ko yana tafiya daidai ko yana tsallake. Awon jini kuma da na'urar damtse, ba ta wuyan hannu ba: ta zauna minti biyar, baya a jingine, ƙafa a ƙasa, hannu a kan tebur, a auna sau biyu da tazarar minti ɗaya, safe da yamma, kwana bakwai. A jefar da na ranar farko a fitar da matsakaicin sauran. In ya kai 135 bisa 85 a gida, maganin yana bukatar gyara. Bayan mako biyu ku ɗauki littafin, da duk takardun gwajin da aka taɓa yi a jere bisa kwanan wata, da leda ɗauke da duk abin da take sha har da jiƙon, ku je wurin likita ɗaya ku lizimce shi. In ana bukatar ƙwararru, a karɓi takardar turawa zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Kafin ku tashi daga gaban likita ku tambaye shi abu uku: me aka tabbatar ba shi ba ne, me ya rage ba a duba ba, kuma wace alama ce in mun gani mu dawo kafin ranar da aka ba mu.

Mai yiwuwa ne a yi duk wannan a rasa suna ga ciwon. Yana faruwa, kuma likitan gaskiya zai faɗa maka. A nan ne ake isa iyaka ta haƙiƙa, kuma tarihin likitanci cike yake da ita. Misali mafi kusa a garinku ya faru. A shekarun 1970 wasu likitoci biyu, Davidson da Parry, sun yi nazari a asibitin jami'a na Zariya a kan ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa, wanda ya yi yawa a yankin har ana lissafa kusan mace ɗaya cikin ɗari. Suka danganta shi da al'adun jego: kunun kanwa mai cike da gishiri, wankan ruwan zafi, da kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wa wuta. Bayanin ya yi ma'ana, ya shiga littattafai, aka yi shekaru ana koyar da shi a duniya. Daga baya Farfesa Kamilu Karaye na Kano da abokan aikinsa suka sake bin lamarin, suna kwatanta matan da suka kamu da waɗanda ba su kamu ba. Sai suka ga al'adun jegon ba su ne ke bambanta su ba, don masu lafiyar ma suna yi. Abin da ya fi fitowa shi ne talauci, rama, hawan jinin masu ciki, da ƙarancin sinadarin seleniyam a jini. Har yau ba a gama gano musabbabin ciwon ba. Kanwa dai tana nan da gishirinta, kuma mai hawan jini irin Umma ta rage ta. Amma ka ga yadda maganar da aka ɗauka ta zauna ta sake tashi.

Gyambon ciki ma an daɗe ana cewa damuwa ce da yaji, har Barry Marshall da Robin Warren na Ostireliya suka nuna ƙwayar cuta ce ke kawo mafi yawansa. Da aka ƙi yarda, Marshall ya sha ƙwayar da kansa a 1984, kuma a 2005 aka ba su kyautar Nobel. Akwai kuma wani kumburin ƙwaƙwalwa da garkuwar jiki ke haddasawa, mai sa budurwa ta rikice, ta yi ta surutai da fizge-fizge, irin abin da a gidajenmu ba a jira a ce iska ce. Sai a 2007 aka gano shi aka sa masa suna, kuma yanzu ana maganinsa. Abin lura a duka ukun shi ne wanda ya gyara kuskuren. Wani ne ya sake aunawa, ya kwatanta, ya ƙirga. Jahilcin likita a kan wani abu ba ya zama shaidar ilimin wanda ya zo bayansa ya yi magana da ƙarfin gwiwa. Shi ma sai a tambaye shi: da me ka gane?

Batun iska da sammu wani fage ne daban. Babu gwajin jini ko na'urar da ke tabbatar da aljani ko kore shi, don kimiyya abin da ake iya aunawa a maimaita take aiki da shi. Saboda haka da ka ce "camfi ne" da sunan kimiyya, ka sa ta faɗi abin da ba ta faɗa ba, ka kuma taɓa wa Baba abin da ya shafi imaninsa. Amma cewa "wannan jiƙon yana warkar da wannan ciwon", ko "ƙwaya da jiƙo suna karo", magana ce ta duniya, ana iya gwada ta, kuma wanda ya faɗa shi ke da nauyin kawo hujja.

Kada ka raina tsirrai. Maganin maleriyar da ake bayarwa yau a kowane asibiti daga wani ganye dangin tazargade aka samo shi; Tu Youyou ta ƙasar Sin ta ciro sinadarin a farkon shekarun 1970 bayan bin tsofaffin littattafan maganin gargajiyarsu, ta samu Nobel a 2015. A Samaru ma, a tsangayar harhaɗa magunguna, akwai sashen da aikinsa nazarin tsirran magani ne. Sai dai ƙungiyar su Tu Youyou ta tattara haɗe-haɗe sama da dubu biyu kafin a dace da wannan ɗaya. Matsalar jiƙo ita ce ba a san adadin abin da ke cikinsa ba: ganyen damina da na rani ba ƙarfinsu ɗaya ba, tafasar minti goma da ta awa ɗaya ba ɗaya ba ce. Hanta da ƙoda ne ke biyan bashin, kuma ƙodar mai hawan jini dama a wahale take. Akwai kuma marasa tsoron Allah da ke daka ƙwayar dekzametazon ko daiklofenak a cikin garin magani. Mai sha zai ji ƙarfi da cin abinci cikin kwana biyu, bayan makonni fuska ta kumbura, suga da jini su hau. Lambar NAFDAC a jikin kwalbar maganin gargajiya, in ta gaskiya ce, tana nuna an duba lafiyar shansa ne, ba shaidar yana warkarwa ba ce. Shawararmu a dakatar da jiƙon har likita ya ga gwajin ƙodarta. In fitsari ya ragu ko ya yi duhu, ido ya yi rawaya, ko amai ya kama ta, a tafi asibiti da ragowar a hannu. Turaren kuma kada a rufe ta da shi a ɗaki.

Za ka ji an ce, ai ta samu sauƙi da ta fara. Yana iya zama gaskiya ba tare da jiƙon ya yi komai ba. Ciwon da ke zuwa yana tafiya, mutane sukan nemi sabon magani ne a ranar da ya fi tsanani, kuma bayan rana mafi tsanani sauƙi ne ke biyowa ko an sha ko ba a sha ba. Ga kuma natsuwar da mutum ke samu in an zauna an saurare shi an ce an gane damuwarsa, abin da layin asibiti ba ya cika bayarwa. Wannan ƙa'ida ta hau kan ƙwayar likita kamar yadda ta hau kan jiƙo, kuma littafin da muka ce a riƙa rubutawa shi zai raba gardama.

Addu'a da ruƙiyya da ayoyin Alƙur'ani ba sa karo da kowace ƙwaya, kuma bai kamata ka tsaya a hanyarsu ba. Ka ma zauna a yi da kai. Inda za ka ja layi shi ne duk wanda ya ce a bar maganin asibiti, ko ya kai hannu da duka ko shaƙewa, ko ya nemi keɓewa da ita, ko ya fara nuna wata a dangi ko maƙwabta ya ce ita ta yi, ko kuɗinsa kullum ƙaruwa yake yi. Malaman sunna da yawa da kansu suna hana waɗannan, don haka ba sai ka jawo kimiyya cikin maganar ba.

Wajen Baba, kai za ka fara sauka. Ka same shi shi kaɗai, bayan sallar isha ko da safe in ya natsu, ba a gaban Gwaggo ko ƙannenka ba. Ka durƙusa ka ce: "Baba, ku gafarce ni, na yi magana da garaje. Gaskiyarku ce, likitoci ba su san komai da komai ba. Abin da nake roƙo, a ci gaba da addu'a, Umma ta koma kan ƙwayarta, a ba ni wata ɗaya a yi gwaje-gwajen da ba a yi ba." Kada ka kawo masa sunayen Turawa. In magana ta yi tsawo, akwai abin da ya sani ya fi ka: hadisin da ya ce Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta, wanda a wata ruwaya aka ƙara da cewa wanda ya sani ya sani, wanda bai sani ba bai sani ba. An kuma ruwaito cewa an yi wa Imamu Malik tambaya 48 ya ce "ban sani ba" a 32. Likitan da ya ce bai gano ba tukuna yana kan wannan ladabi, kuma ya fi wanda bai taɓa cewa bai sani ba abin amincewa. In Baba ya ƙi sauraronka, ka nemi wanda yake jin maganarsa, limamin unguwa ko wani amininsa, ka yi masa bayanin ƙwayar hawan jinin kaɗai. Ranar zuwa asibiti kuma a gayyaci Gwaggo ta raka ku, ta ji daga bakin likita da kunnenta, ta yi nata tambayoyin.

A wasiƙarka mun ji ra'ayinka, mun ji na Baba da na Gwaggo, ba mu ji na Umma ba. Ita ce mai jikin, kuma babba ce mai hankalinta. Ka zauna da ita ka tambaye ta me take ganin yana damunta, me ta fi tsoro, kuma ita da kanta ta so ajiye ƙwayar ko bin umarni ta yi. In akwai abin da ba za ta iya faɗa maka ba, ka tambaye ta wa take so ya shiga ɗakin likita tare da ita, kai ka jira a waje da littafin da ledar magunguna har a kira ka.